Ralanti mai hawa da sauka a tsohuwar mota: inda ciwon yake da yadda ake gano shi

Ralanti shi ne juyawar da injin mota ke yi lokacin da aka kunna ta, tana tsaye, direba bai taka totur ba. Kalmar daga Faransanci ta zo, makanikan Katsina da Kano kuwa silo suke cewa. Injin da ke da lafiya, idan ya yi zafi, yana riƙe ralanti wuri guda, tsakanin juyi 700 zuwa 900 a minti ɗaya a yawancin ƙananan motoci masu shan esansi. Da safe, kafin ya ɗumama, yakan hau zuwa 1200 ko 1500, sannan ya sauko a hankali cikin ƴan mintuna. Haka aka ƙera shi, babu laifi a nan. Laifin yana farawa ne idan allurar da ke nuna juyin inji ta kama hawa da sauka ita kaɗai, ko motar ta riƙa karkarwa har sitiyari na rawa a hannu, ko kuma ta mutu duk lokacin da aka taka ambiriyaj za a tsaya.

Mafi yawan motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun yi rayuwarsu ta farko a Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome. Toyota Starlet da ake taksi da ita, wadda aka daina ƙera irinta tun 1999, da Corolla, da Carina E, da Golf, da Mercedes 190, da ragowar Peugeot 504 da 505, da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Robobin jikin injinsu sun sha sanyin Turai sun zo sun sha zafin bazara, sun bushe sun tsage. Saboda haka babu garejin da ba a kai masa wannan matsala.

Maganin da aka fi saurin yi kowa ya san shi. Makaniki ya ɗauko abin murɗa kusa, ya ɗaga ralanti zuwa 1100 ko 1200, motar ta daina mutuwa, a biya shi, kowa ya kama gabansa. Ciwon yana nan daram, lulluɓe shi kawai aka yi, kuma mai motar zai ci gaba da biyan kuɗinsa kullum a wurin sayen mai. Ga mai taksi da ke yini yana tsayawa yana tashi, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Akwai kuma haɗari: idan inji ya mutu motar na cikin tafiya, misali a shiga shataletale, burki yana yin tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari mai taimakon inji kuma ya yi nauyi nan take. Kusar ralanti ita ce abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, bayan an gama bincike.

Dalilin da ya sa ralanti ke fara tona asiri

Inji yana aiki ne da iska, da mai, da tartsatsin wuta, da kuma matsi a cikin silinda. Iska da mai suna da ma'auninsu: kusan kilo 14,7 na iska ga kilo 1 na esansi. A maƙogwaron injin akwai wani faifan ƙarfe da ake kira papiyo, shi totur ke buɗewa. A ralanti papiyo a rufe yake, iska ƴar kaɗan ce ke wucewa ta wata ƙaramar hanya ta gefe, mai ma ɗan ɗigo ake saki. Cokalin ruwa guda a tukunyar miyar biki babu wanda zai ji shi, amma a ƙaramin kofin shayi nan take za a gane. Haka ƙaramar tsaga a jikin tiyo take: a guje kan hanyar Dosso ba ta komai, a tsaye gaban wutar hanya ita ce za ta kashe motar.

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, mai mota yana da aikin da ya fi na makaniki muhimmanci, wato lura. Yaushe abin yake faruwa? Da sanyin safiya kawai, ko sai inji ya yi zafi? Ya fara ne bayan an sha mai a wani wuri, ko bayan an wanke inji, ko bayan an cire batir? Yana ƙaruwa idan an kunna kilim ko manyan fitilu? Juyin yana canzawa idan an taka burki? Kowace amsa tana nuna wata ƙofa dabam, kuma makanikin da bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ba lalube zai yi da kuɗin mai mota.

Sai kuma a san irin motar. Tsofaffin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990, irin su 504 da Starlet ta farko-farko, galibi karbirater gare su. Dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 1, wadda ta hau kan dukan sababbin motoci a 1993, ita ta kawo ƙarshen karbirater a can. Daga nan sai injekter, da wata ƙaramar kwamfuta da makanikai ke kira kalkilater, wadda ke auna iska ta saki mai daidai da ita.

Ana iya ruɗewa da wani abu guda. Idan motar na girgiza amma allurar juyi ba ta motsi, ƙarar inji ma ba ta canzawa, a duba robobin da injin ke zaune a kansu. Idan sun mutu, girgizar inji mai lafiya ma sai ta shigo har kujera.

Iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya

Wannan ce kan gaba a tsofaffin motoci, kuma ita ce mafi arhar gyara. Lokacin da papiyo ke rufe, fistin suna ta zuƙa ba sa samun isasshiyar iska, sai tsotso mai ƙarfi ya taru a bututun da ke raba iska ga silindoji, wanda ake kira kolekter. Daga jikin kolekter ɗin ƙananan tiyoyin roba, wato diriti, suke fita zuwa wurare dabam-dabam: zuwa delko, zuwa na'urar daidaita ƙarfin mai, zuwa murfin inji, da babba ɗaya zuwa tukunyar da ke taimaka wa burki. Duk wanda ya tsage ko ya zame daga bakinsa, iskar da ba a auna ba ta sami hanya.

Yadda motar za ta nuna ya danganta da irin ma'auninta. Wadda ke da debimetir, na'urar da ke ƙidaya iska a bayan filtar, ba ta san da ɓarauniyar iskar ba, sai mai ya yi kaɗan, inji ya riƙa sarƙewa yana neman mutuwa. Wadda ke auna tsotson kolekter, kamar yawancin Starlet da Corolla na shekarun 1990, tana ganin iskar sai ta ƙara mai, ralanti ya haye sama. Daga nan ne hawa da saukar nan da ke ba mutane mamaki ke fitowa. An tsara kalkilater ya yanke mai idan ya ga papiyo a rufe kuma juyi ya yi yawa, domin a zatonsa motar na gangara ne direba ya ɗage ƙafa. To juyi ya hau, ya yanke mai, juyi ya faɗo, ya sake sakin mai, juyi ya sake hawa. Motar sai ta zama kamar mai numfashi. Kalkilater ɗin lafiyarsa lau, aikinsa yake yi, amma sau da yawa shi ake fara ɗora wa laifi a ce a sayo wani, alhali tiyo ne mai tsawon ɗan yatsa ya tsage.

Neman tsagar ba ya bukatar na'ura. Da farko a saurara: ɓarauniyar iska tana yin siririn fito. Guntun tiyo mai tsawon kamu biyu, baki ɗaya a kunne ɗayan ana zagayawa da shi jikin kolekter, yana kai mutum daidai wurin. Sannan a bi kowane diriti da hannu, a lanƙwasa shi, musamman bakinsa da ƙarƙashinsa inda ido ba ya kaiwa. Ana kuma iya matse su ɗaya bayan ɗaya da filaya da aka naɗe wa tsumma. Wanda aka matse inji ya natsu, ciwon na jikinsa ko a abin da yake kaiwa. Ga mahaɗar kolekter da kan inji, da gindin karbirater, sai a fesa ruwa kaɗan daga gorar da aka huda murfinta. Idan ƙarar inji ta canza, nan ne. Wasu esansi suke ɗigawa don wannan gwaji. Yana nunawa, amma tartsatsi ɗaya daga wayar buji ya isa ya cinye motar da gashin girar mai gwajin.

A motoci masu debimetir, babban bututun roba mai ninki-ninki da ke tsakanin filtar da papiyo yana tsagewa a cikin ninkin, ta ƙasa. Sai an cire shi an buɗe ninkin a rana ake gani. Naɗe shi da salatif na iya kai mota gida, ba ya wuce haka.

Tukunyar burki, wadda makanikai ke kira mastabak, ta cancanci kulawa ta musamman. Idan juyin inji na canzawa duk lokacin da aka taka burki, ko ana jin huci daga wajen ƙafar direba, fatar cikinta ta huje. Gwajinta mai sauƙi ne: a kashe inji, a tattaka burki har ya yi tauri, a riƙe shi a take, a tayar da inji. Idan tana da lafiya, burkin zai ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa. Idan bai nutse ba, maganar ta wuce ta ralanti, kada motar ta ɗauki fasinja sai an gyara.

Akwai wasu ƙofofi biyu da kan maƙale a buɗe su yi aiki irin na tsaga. Ɗaya ita ce ƙaramar bawul da ke kan murfin inji, mai mayar da tururin luwil cikin kolekter. Idan aka cire ta aka girgiza ya kamata a ji ta tana ƙwas-ƙwas. Ɗayar ita ce EGR, wadda ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji lokacin tafiya. A ralanti dole ta kasance a rufe ruf, amma baƙin toka kan hana ta zama daidai, sai inji ya riƙa shaƙar hayaƙinsa. Wankewa ya kan isa.

Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu da hazo, filtar iska tana cika cikin ƴan makonni, ballantana ga motar da ke bin hanyar laterit zuwa kasuwannin ƙauye. Filtar da ta toshe tana sa mota mai karbirater shan mai fiye da kima, da baƙin hayaƙi. Al'adar kai ta wurin mai faci a hura ta da iska mai ƙarfi tana da illa: takardar tana yin ƙananan huji da ido ba ya gani, ƙurar da a da take tsayawa sai ta wuce ciki. Idan za a hura, a hura a hankali daga ɓangaren mai tsabta zuwa waje, kuma idan an ɗaga ta a rana an ga haske na ɓullowa ta wani wuri fiye da sauran, ta gama aiki.

Ƙurar da ta wuce tana haɗuwa da tururin luwil ta zama baƙin danƙo a gefen papiyo da cikin bawul ɗin ralanti. Wannan bawul ita ce hannun da kalkilater ke amfani da shi wajen ƙara ko rage iskar ralanti: idan an kunna kilim ta buɗe kaɗan, idan an kashe ta koma. A Toyota tana manne ƙarƙashin gidan papiyo, a Peugeot, Renault da Opel na shekarun 1990 kuwa wani ƙaramin moter ne mai tsinin kai da ke shiga yana fita. Idan danƙo ya kama ta, tana makara wajen amsawa, shi ya sa motar ke mutuwa daidai lokacin da aka saki totur, ko lokacin da kilim ya kama. A kwance ta, a wanke da maganin wanke karbirater da tsohon buroshin haƙori, a bar ta ta bushe. Kada a tura tsinin da hannu ko a ja shi, haƙoran cikinsa na roba ne.

A nan ne kuskuren murɗa kusa ya fi tsada. A mota mai injekter, kusar da papiyo ke jingina a kanta tun daga masana'anta aka daidaita ta, galibi har da ɗigon fenti a kanta. Idan aka murɗa ta, na'urar da ke gaya wa kalkilater cewa papiyo ya rufe ba za ta ƙara faɗin haka ba, sai kalkilater ya daina kula da ralanti gaba ɗaya. An shigo da ciwo ɗaya, an fita da biyu. Motocin da suka fi sabunta, waɗanda babu waya tsakanin totur da papiyo, ba su da bawul ɗin ma, papiyon ne da kansa ke aikin. Su ba a tura faifansu da ƙarfi wajen wanki.

Bayan wanki, ko bayan cire batir, wasu motoci sukan yi ralanti marar kyau na ɗan lokaci, saboda kalkilater ya manta abin da ya koya. A bar inji ya yi zafi sosai, ya yi ƴan mintuna a tsaye ba kilim ba fitila, sannan a kunna su, sannan a yi ɗan zagaye. Yawanci yana komawa daidai da kansa.

Wuta

Idan inji yana tsalle-tsalle ne kamar mai ɗingishi, salansa na yin fut-fut, to silinda ɗaya ba ta ƙonewa daidai. Buji ake fara cirewa, a jera su yadda suke a inji, domin kowanne yana ba da labarin ɗakinsa. Launin ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa alamar lafiya ce. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, luwil na hawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko iska na shiga. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi, alhali sauran ba haka suke ba, ruwan radiyater ne ke shiga wannan silinda, kuma zancen ya koma kan juwan kulas. Tazarar bakin buji tana tsakanin milimita 0,7 zuwa 0,8 a tsofaffin motoci, 1,1 a Toyota da yawa masu injekter. Kasuwa cike take da jabun buji masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, don haka sabon buji ba hujja ba ce cewa an rufe wannan babi.

Wayoyin buji suna tsufa daga ciki. Da dare, a wuri mai duhu, idan aka buɗe kapo inji na aiki, ana ganin shuɗin tartsatsi na tsalle daga wayar da ta lalace zuwa jikin ƙarfe. Mai na'urar awo zai iya auna su: a Toyota kowace waya kada ta wuce kilo-om 25. Murfin delko shi ma yana yin siririyar tsaga ko zanen baƙi a ciki, kuma shi ne dalilin da ya sa wasu motoci ke rikicewa da damina kawai, ko bayan an wanke inji. A motoci masu bis-platine, kamar 504, tazarar bakinsu wajen milimita 0,4 ce, kuma duk lokacin da aka taɓa su sai an sake daidaita lokacin wuta.

Don gane silindar da ke barci, ana kashe su ɗaya bayan ɗaya a ga wadda cire ta bai canza komai ba. A mota mai injekter, fulogin injekter ake zarewa. Fizge wayar buji da hannu inji na aiki yana jefa mutum da wutar da ta haura bolt 20 000, yana kuma iya ƙona bobin ko akwatin wuta.

Batir da altanater ma suna da hannu. Inji na aiki, ya kamata a sami bolt 13,5 zuwa 14,5 a kan batir. Idan ralanti na faɗuwa sosai da an kunna fitilu, a duba wannan, a kuma kankare kawunan batir da wayar da ke haɗa inji da jikin mota.

Mai

Nijar na tace nata mai a matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram tun ƙarshen 2011, amma sayar da esansi a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, wanda aka fi sani da ruwa-ruwa, bai gushe ba, musamman a garuruwan da ke kusa da iyaka irin su Maraɗi da Ƙwanni. Ba kowane man kwalba ne marar kyau ba. Matsalar tana ga jarkar da ta kwana a buɗe, da mazurarin da ke ajiye a ƙasa, da raɓar da ke taruwa a cikin ganga, wani lokaci kuma da garwaye. Idan ralanti ya lalace jim kaɗan bayan shan mai, a zuƙo kaɗan a zuba a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi esansi nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi sarai, tare da yashi idan akwai.

Ɗabi'ar shan lita ɗaya ko biyu, tanki kullum a ƙasa, tana kashe famfon mai na motoci masu injekter. Famfon a cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, kuma idan man ya yi ƙasa yana zuƙo iska da dattin gindi. Yawancin waɗannan motoci suna son ƙarfin mai na bar 2,5 zuwa 3. Famfon da ya gaji, ko filtar mai da ta toshe, sun fi nuna kansu a hawan tudu da lokacin wuce wata mota, amma injekter mai datti a ralanti yake fara bayyana, domin a lokacin ne ake bukatar feshi mafi laushi.

A karbirater, Solex na Peugeot ko Aisan na Toyota, ralanti yana da nasa jiklar, ramin da bai kai kaurin allura ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi, kuma alamarsa a fili take: motar na gudu lafiya, amma da an ɗage ƙafa ta mutu, sai an ja cok take tsayawa. Da iska ake hure shi. Zura masa waya yana faɗaɗa ramin, daga ranar kuma motar ta zama mashayiya. A gefen karbirater da yawa akwai wani ɗan ƙarfe mai waya ɗaya da ke rufe hanyar man ralanti idan an kashe mota. Da an murɗa makulli ya kamata a ji ya yi ƙyas. Idan wayarsa ta saki, motar ba za ta yi ralanti ba ko kaɗan, kuma an sha kwance karbirater gaba ɗaya saboda wannan waya. Sauran abin dubawa su ne fulotar da ke tsayar da mai a kwanon karbirater, da cok da ya maƙale a rufe, da sandar papiyo da ta cinye gidanta har iska na shiga ta gefe.

Zafin inji da na'urorin awo

An saba cire tamosta a ƙasashe masu zafi, da tunanin ita ke sa mota zafi. Aikinta shi ne ta tsare ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 sannan ta buɗe. Idan babu ita, inji yana daɗewa bai kai zafinsa ba, musamman da hunturu, kalkilater kuma ya ci gaba da ba shi mai irin na safiya, da ralanti a sama. Haka ma idan na'urar auna zafin ruwa ta lalace. Ana gwada ta da na'urar awo: a Toyota tana nuna kilo-om 2 zuwa 3 idan ruwa na digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80. Ƙarancin ruwa a radiyater shi kaɗai ma yana kawo hawa da sauka, domin na'urar takan tsinci kanta cikin iska maimakon ruwa, kuma a wasu motoci ruwan ne ke ɗumama bawul ɗin ralanti.

A jikin salansa, kusa da inji, akwai na'urar lambda mai shinshinar hayaƙi ta gaya wa kalkilater ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Mai lafiya tana kai da komo tsakanin bolt 0,1 da 0,9 da sauri. Idan ta tsufa tana nawa, ralanti sai ya riƙa lilo a hankali bayan inji ya yi zafi. Motoci da yawa suna isowa an riga an cire musu katalizer saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, wani lokaci a yanke wayar lambda a wajen aikin. Hujin salansa a gaban na'urar shi ma yana ruɗa ta.

Motocin esansi da aka sayar a Turai daga 2001, da na gazuwal daga 2004, suna da mahaɗar OBD mai baki 16 ƙarƙashin tablo, inda ake sa na'urar bincike da makanikai ke kira baliz. Lambar P0171 na nufin mai ya yi kaɗan a kan iska, P0300 zuwa P0304 rashin ƙonewa a silinda, P0505 zuwa P0507 kuma hanyar ralanti. Lambar tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida: P0171 ba ta ce a sayi sabuwar lambda ba, sau da yawa tiyo ne. Tsofaffin Toyota da ba su da wannan mahaɗa suna da ƙaramin akwati a ɗakin inji. Idan aka haɗa bakin TE1 da E1 da guntuwar waya aka murɗa makulli, fitilar inji da ke tablo za ta yi ƙifce ta ƙirga lambar. Sai dai a motoci da yawa an cire ƙwan fitilar tun kafin sayarwa. Idan ba ta kama ba lokacin da aka murɗa makulli kafin tayarwa, an cire shi ko ya ƙone.

Idan ciwon na cikin inji ne

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, sai awon matsi. Injin esansi mai ƙarfi yana ba da bar 10 zuwa 13 a kowace silinda, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya fi adadin kansa muhimmanci: fiye da bar 1 abin dubawa ne. Silindar da ta yi ƙasa, a zuba mata ɗan luwil ta ramin buji a sake aunawa. Idan matsin ya hau, zobban fistin ne suka cinye. Idan bai hau ba, supap ne. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna juwan kulas. A injinan da ake daidaita supap da hannu, supap da ya matse yana kawo karkarwa idan inji ya yi zafi, kuma idan aka bar shi yana ƙonewa. Idan kuwa matsalar ta fara ne ranar da aka canza bel ɗin cikin inji, mai yiwuwa an tsallake haƙori ɗaya.

Motocin gazuwal, irin su Hiace da Hilux, ba su da buji mai tartsatsi, tsofaffinsu kuma ba su dogara da papiyo ba. Nasu ralantin yana lalacewa ne galibi saboda iska ta shiga layin mai, ko ruwa ya taru a gindin filtar gazuwal, ko injekter ya gaji. Guntun farin tiyo da aka sa kafin famfo yana nuna kumfar iska idan akwai.

Lokacin taɓa kusa

A mota mai karbirater kaɗai ake wannan, bayan an tabbatar babu ɓarauniyar iska, buji da lokacin wuta daidai suke, filtar iska na wurinta, inji ya yi zafi, cok a buɗe, kilim da fitilu a kashe. A yi aikin a fili, domin hayaƙin mota a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wari ba, a kuma nisanta hannu da bakin riga daga fanka, wadda ta lantarki kan tashi ita kaɗai. Kusoshin biyu ne. Ɗaya tana tura papiyo, ita ke ɗaga juyi ko ta sauke shi. Ɗayar, a gindin karbirater, ita ke ƙara mai ko ta rage. Da ta farko ake kawo juyi wajen 800. Sannan a murɗa ta biyu ciki a hankali har inji ya fara sarƙewa, a dawo da ita waje kwata-kwata, ana jira ƴan daƙiƙu bayan kowane murɗi, har a sami wurin da juyi ya fi tsayi da santsi, sai a koma ta farko a maido shi 800. Ba a ɗaure kusar mai da ƙarfi har ƙarshe, tsininta yana lalacewa. Idan an murɗa ta ciki da waje inji bai ko kula ba, jiklar a toshe yake ko iska na shiga ta wani wuri, sai a koma kan diriti da gindin karbirater.